Na Zama Saniyar Ware a Masallacinmu Saboda Lemon da Nake Sayarwa

Wasiƙar wannan makon daga Kano ta zo. Na taƙaita ta, na kuma cire sunan unguwar da na kamfanin kamar yadda mai ita ya roƙa.

"Assalamu alaikum, Malam. Shekara 17 ke nan ina dilancin lemon kwalba da ruwan roba da biskit, ina da yara shida a ƙarƙashina, biyu daga cikinsu masu iyali ne. Ni ne kuma ma'ajin kwamitin masallacinmu na Juma'a. A watan jiya limaminmu ya yi huɗuba a kan ƙaurace wa kayan kamfanonin da ke taimakon Isra'ila, washegari sai wani jerin sunayen kamfanoni sama da 60 ya fara yawo a zauren WhatsApp na masallacin, har da kamfanin da rabin cinikina ya dogara da shi. Ina da kiret kusan 400 a sito, mafi yawansu bashi na ɗauko. Wani dattijo da muka fi shekara 20 muna sallar Asuba a sahu ɗaya ya janye hannunsa da na miƙa masa nawa. 'Yata ta dawo daga Islamiyya tana kuka, wai an ce mata da jinin Falasɗinawa ake ciyar da ita. Uwargidana ta fara tambayata ko kuɗin cefanen da nake ba ta halal ne. Wasu matasa suna so kwamiti ya hana jama'a saye a shagona har sai na zubar da kayan, wani abokin cinikina Kirista kuma ya tambaye ni ko yaƙin addini muka fara. Wallahi abin da ake yi wa mutanen Gaza yana hana ni barci, amma ban san yadda zan yi da bashi da yaran shago ba. Shin dukiyata ta haramta? In sauka daga muƙamin ma'aji ne?"

Wa'alaikumus salam wa rahmatullah, Alhaji. Allah Ya yaye maka wannan damuwa, Ya kuma kawo wa mutanen Falasɗinu ƙarshen baƙin cikin da suke ciki. Na karanta wasiƙarka sau biyu, kuma wurin da ya fi tsaya mini a rai shi ne hannun nan da ka miƙa bayan sallar Asuba aka bar maka shi a miƙe, domin namiji yakan iya haɗiye asarar kiret 400 fiye da yadda zai haɗiye wannan.

Bari in fara da tambayar Hajiya, tunda ita ce ta shiga har cikin tukunya. Ni ba mai ba da fatawa ba ne, kuma ina so ka kai maganar gaban malamin da ku biyun kuka amince da iliminsa, amma abin da yake sananne a fiƙihu shi ne asalin saye da sayarwa halal ne, ko da wanda ba musulmi ba ake yi, matuƙar abin da ake cinikin shi kansa halal ne. Ya tabbata a Bukhari cewa Manzon Allah (SAW) ya bar duniya sulkensa yana jingine a wurin wani Bayahude a kan sa'i 30 na sha'ir da ya karɓo wa iyalinsa. Abin da malaman Malikiyya suka hana ƙarara shi ne sayar wa abokin gaba makami da duk abin da zai ƙarfafa shi a fagen daga. Game da ƙaurace wa kayan masarufi kuwa, malaman wannan zamani sun rabu: akwai waɗanda suka wajabta, irin su marigayi Sheikh Yusuf al-Ƙardawi, akwai waɗanda suka ce abin so ne mai lada, akwai kuma waɗanda suka rataya shi ga umarnin hukuma. Saɓanin nasu a kan abin da ya kamata ka yi daga yau ne, bai mai da ribar da ka ci a shekara 17 ta halattaccen ciniki ta koma haram ba. Saboda haka Hajiya ta ɗora tukunyarta hankali kwance.

Sai dai kada ka ɗauki wannan a matsayin an sallame ka ka koma shago kamar ba a yi komai ba, domin limaminku bai ƙago abin da ba shi da asali ba. Lokacin da Sumamatu ɗan Usal, ɗaya daga cikin shugabannin Yamama, ya musulunta, ya je Umra ya faɗa wa Kuraishawa a gaban idonsu cewa ko ƙwayar alkama ɗaya ba za ta sake zo musu daga Yamama ba sai Annabi ya yi izini, kuma haka aka yi har yunwa ta fara taɓa Makka. Masu huɗuba sukan tsaya a nan, amma malaman sira sun ƙarasa labarin, inda suka ce da Kuraishawa suka aika suna roƙo don girman zumunci, sai Annabi ya rubuta wa Sumamatu ya sakar musu abincin. Ka lura cewa takunkumin yana da waɗanda aka nufa da shi, yana da shugaban da ke riƙe da linzaminsa, kuma da ya fara cin waɗanda ba su ji ba ba su gani ba sai aka sassauta shi.

Bayan haka, kiran ƙauracewar nan daga bakin masu ciwon ya fito. A ranar 9 ga Yulin 2005, shekara guda cif bayan Kotun Duniya da ke Heg ta ce katangar da Isra'ila ke ginawa a cikin Gaɓar Yamma ta saɓa wa dokokin ƙasa da ƙasa, ƙungiyoyin farar hula na Falasɗinawa fiye da 170 suka roƙi duniya ta ƙaurace wa kaya, ta janye jari, ta kuma sa takunkumi. Wannan ne yunƙurin da aka fi sani da BDS, kuma buƙatunsa a rubuce suke: a kawo ƙarshen mamaya a rushe katangar, a ba Falasɗinawa 'yan ƙasar Isra'ila cikakken daidaito, a kuma mutunta haƙƙin 'yan gudun hijira na komawa gida kamar yadda ƙuduri na 194 na Majalisar Ɗinkin Duniya ya tanada. A Yulin 2024 kotun ta sake magana, ta ce ci gaba da zaman Isra'ila a yankunan da ta mamaye tun 1967 haramtacce ne. Mutumin da ya ce abin da ake yi a Gaza yana hana shi barci bai kamata ya toshe kunne ga irin wannan kira ba, kuma a ganina idan aka tabbatar maka cewa kamfanin da kake wa dilanci yana cikin masu cin ribar mamaya, ya dace ka fara neman ƙofar fita.

Amma wa ya tabbatar? Jerin sunaye 60 da ya faɗo zauren WhatsApp, babu sa hannu, babu kwanan wata, babu dalili a gaban kowane suna, shi ne ainihin irin labarin da aka umarce mu a Suratul Hujurat mu bincika kafin mu cutar da mutane cikin jahilci mu wayi gari muna nadama. Su kansu jagororin BDS sun sha jan kunnen magoya bayansu cewa dogayen jeri suna raunana gwagwarmayar, saboda haka suke ware kamfanoni kaɗan waɗanda akwai hujja a kansu kuma ake sa ran matsin zai yi tasiri. Ofishin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya, da ya fitar da nasa jerin a Fabrairun 2020, kamfanoni 112 ya lissafa masu hulɗa da matsugunan 'yan kama-wuri-zauna, kuma mafi yawansu na cikin Isra'ila ne waɗanda ba za ka taɓa ganin kayansu a kasuwar Singa ko ta Sabon Gari ba. A Indonesiya, ƙasar da ta fi kowace yawan musulmi a wancan lokaci, Majalisar Malamai ta fitar da fatawa mai lamba 83 a Nuwamban 2023 tana wajabta goyon bayan Falasɗinawa tare da kiran a guji kayan da ke da alaƙa da Isra'ila, amma ba ta lissafa sunan kamfani ko ɗaya ba, kuma da jeri-jeri suka fara yawo da sunanta sai da ta fito ta ce ba nata ba ne. Haka ma zancen lambar 729 da matasa ke dubawa a bayan kwali: lambar tana nuna cewa a ofishin Isra'ila aka yi wa kayan rajistar lambar ciniki, ba lallai ta nuna inda aka sarrafa su ba, kuma rashinta ba ya wanke kowa.

Ina so ka duba yadda wasu al'ummomin addini suka yi wannan aiki, ko da ba na addininmu ba ne, domin sun riga mu shiga kuma sun bar sawun da za a iya bi. Cocin Presbyterian ta Amurka ta fara maganar janye jari a babban taronta na 2004. Daga nan ta shafe shekara goma tana rubuta wa kamfanoni wasiƙu, tana zama da shugabanninsu, tana kai koke a tarukan masu hannun jari. A 2012 aka kaɗa ƙuri'a, masu son janyewa suka faɗi da 331 a kan 333, suka haƙura suka koma gida ba tare da sun kira kowa munafuki ba. Sai a 2014, a birnin Ditiroit, ƙudurin ya wuce da ƙuri'a 310 a kan 303, kuma kamfanoni uku kawai ya shafa, kowanne da laifin da aka ambata masa: Caterpillar saboda motocinsa da ake rushe gidajen Falasɗinawa da su, Hewlett-Packard da Motorola Solutions saboda na'urorin da suke samar wa sojoji da shingayen bincike da matsugunai. Jarin da aka janye kusan dala miliyan 21 ne. A farkon 2016 kuma aka ji cewa hukumar fansho ta cocin Methodist ta Amurka ta cire bankunan Isra'ila biyar daga cikin waɗanda za ta zuba wa kuɗi. Abin da nake so ka riƙe a nan shi ne waɗannan majami'u da aljihunsu suka fara, da asusun fanshon limamansu, ba su fara da rumfar wani ɗan cocinsu mai sayar da kayan masarufi ba.

Wannan ne ya sa nake ganin matasanku, duk da kyakkyawar niyyarsu, sun bar jaki suna dukan taiki. Ka fi ni sanin yadda kuɗin kwalba ɗaya ke rarrabuwa. Uwar kamfanin da ke waje takan sayar da sinadarin haɗi da izinin amfani da suna, kamfanin da ke cika kwalba a nan gida shi ke sayen sukari, ya biya direbobi da ma'aikata da haraji, sannan abin ya gangaro gare ka, daga kai zuwa mai tebur da mai ƙanƙara da yaron da ke tura baro. Ba zan ce maka babu abin da ke fita waje ba, akwai, kuma shi ya sa ƙauracewa ke yin tasiri idan ta yaɗu ta kuma daɗe. Amma kiret 400 da ke sitonka sun riga sun fita daga littafin kamfani sun shiga naka. Idan ka tuttular da su a kwata gobe, kamfanin zai aiko a karɓi kuɗinsa cif, kai ne za ka wayi gari da bashi babu kaya, ka haɗa tozarta dukiya da jinkirta haƙƙin mai bin ka, waɗanda duka biyun an hana mu, alhali ko buhun fulawa ɗaya bai shiga Gaza ba saboda abin da ka yi.

Lamarin kamfanonin lemo ma ba shi da sauƙin yankewa kamar yadda ake zato. Ɗauki Coca-Cola a matsayin misali, ba don ina cewa shi ne naka ba. Ƙungiyar Ƙasashen Larabawa ta sa shi a jerin ƙauracewarta daga 1968 har zuwa 1991. Kamfanin da ke riƙe da izininsa a Isra'ila yana da cibiyar rarraba kaya a Atarot, wani yankin masana'antu da aka gina a ƙasar da aka mamaye a arewacin Ƙudus, kuma wannan ce hujjar masu kiran a ƙaurace masa. A lokaci guda kuma wani kamfani na Falasɗinawa mai hedikwata a Ramalla shi ke riƙe da izinin cika shi a Gaɓar Yamma, har ya buɗe masana'anta a Gaza a 2016. Mai hankali zai iya auna waɗannan biyun ya ce hujjar farko ta fi nauyi, kuma ni ma can na fi karkata, amma ba zai ce wanda bai kai ga wannan matsaya ba ya fita daga imani.

Tasirin kuwa akwai shi, sai dai a san girmansa. Tattalin arzikin Isra'ila ya fi dogara da fasahar kwamfuta da makamai da sinadarai da lu'ulu'u, abubuwan da mai sayen lemo ba ya taɓawa, don haka abin da ƙauracewa ta fi yi shi ne sa kamfanoni su ji cewa hulɗa da mamaya tana jawo musu asara da zubewar mutunci. Kamfanin Veolia na Faransa ya sayar da harkokinsa na Isra'ila a 2015 bayan shekarun da aka yi ana matsa masa a kan jirgin ƙasan cikin garin Ƙudus. McDonald's ya amsa da bakinsa cewa cinikinsa ya ragu a ƙasashen musulmi, kuma a Afrilun 2024 ya sanar da sayen gidajen abinci 225 daga hannun wakilinsa na Isra'ila, wanda rabon abinci kyauta da ya yi wa sojoji ne ya tayar da ƙurar. Kamfanoni sukan ce dalilan kasuwanci ne kawai suka sa su, kuma ba a sa ran su faɗi wani abu dabam. A ɗaya gefen, kamfanin Alshaya na Kuwait, mai gudanar da shagunan Starbucks a Gabas ta Tsakiya, ya sallami ma'aikata kusan 2,000 a Maris na 2024, haka kuma da SodaStream ya rufe masana'antarsa da ke wani matsuguni a Gaɓar Yamma a 2015, Falasɗinawa kusan 500 ne suka rasa aiki. Yaranka shida suna cikin wannan lissafi, kuma duk wanda ya kira ƙauracewa ba tare da ya tambayi makomarsu ba bai gama tunaninsa ba.

Al'ummomin da suka ci nasara ba su bar wa mutum ɗaya ɗaukar jinka ba. Da baƙaƙen fata na Montgomery a Amurka suka ƙaurace wa motocin safa na tsawon kwana 381 daga Disambar 1955, majami'unsu ne suka tara kuɗi suka shirya motocin da ke kai mutane wurin aiki, shi ya sa talaka ya iya jurewa. Mu ma muna da namu tarihin da matasa ba su cika sani ba. A 1976 Nijeriya ta kafa asusun tallafa wa kudancin Afirka, ma'aikatan gwamnati suka ba da wani kaso na albashinsu, a 1979 kuma gwamnatin Obasanjo ta ƙwace kadarorin kamfanin mai na BP saboda batun Afirka ta Kudu da Rodeshiya, wato Zimbabuwe ta yanzu. Ƙasa ce baki ɗaya ta ɗauki nauyin, ba a zaɓi wani mai gidan mai guda an ce shi zai biya wa kowa ba.

To ga abin da nake ba ka shawara. Yau da daddare ka zauna da littafin shago ka fitar da abin da kowane kamfani ke kawo maka a wata, da bashin da ake bin ka, da kuɗin ajiyar kwalabe da kiret da ke hannunsu, ka kuma sake karanta takardar da ka sa wa hannu, musamman idan kamfanin ne ya ba ka firiza bisa sharaɗin kada ka sa kayan wani a ciki. Sannan ka sa wani yaro mai karatu ya duba maka sunan kamfanin a jerin da su Falasɗinawan suka fitar da na Majalisar Ɗinkin Duniya, ya kawo maka dalilin a rubuce. Idan babu shi a ko'ina sai a saƙon WhatsApp, ka tsaya a kan ƙafarka cikin ladabi ka ce a kawo hujja. Idan kuwa akwai shi da dalili mai ƙarfi, ka sayar da abin da ke sito ka biya bashinka, daga nan ka riƙa rage odarka wata bayan wata kana cike gurbin da lemukan da kamfanonin gida ke yi, waɗanda yanzu har a Kano ana sarrafa su, da ruwa, da zoɓo da kunun aya na matan unguwa idan za su iya tsabtacewa su riƙa kawowa a kan lokaci. Ka ɗiba wa kanka wa'adi na gaskiya, ko wata shida ne, ka faɗe shi a fili, kuma kada ka sallami ko yaro ɗaya kafin wa'adin ya cika. A Masar, wani tsohon kamfanin lemo na gida mai suna Spiro Spathis, wanda aka kafa tun 1920 kuma aka kusa mantawa da shi, ya farfaɗo a ƙarshen 2023 saboda irin wannan juyin, don haka ba lallai ne canjin ya zame maka asara zalla ba.

Muƙamin ma'aji kuwa kada ka sauka. Saukarka a wannan lokaci za ta zama kamar ka amsa laifin da ba ka yi ba, kuma za ta koya wa matasa cewa ana iya tsige mutum da saƙon waya. Abin da ya dace shi ne ka sanar da kwamiti cewa kana da maslaha a wannan batu, saboda haka za ka yi magana amma ba za ka shiga yanke hukunci ba. Kafin zaman kwamitin, ka ɗauki dattijo ɗaya mai faɗa a ji ku sami liman a gidansa tsakanin Magariba da Isha, kada ka yi wannan magana a zauren WhatsApp ko a ƙofar masallaci. Ka nuna masa littafinka, ka faɗa masa wa'adinka, ka roƙe shi ya fayyace a huɗuba mai zuwa cewa kamfani ake ƙaurace wa, ba maƙwabci ba. Ina kyautata zaton bai san huɗubarsa ta kai har ajin 'yarka ba.

A zaman kwamitin ka kawo shawarar a ɗora wa mutum uku ko huɗu, ciki har da malami da ɗan kasuwa da ɗaya daga cikin matasan nan masu zafi, aikin tace jerin 60 ɗin su dawo da waɗanda ke da hujja, masallaci kuma ya fara da kansa: abin da yake saye na buɗa-baki a watan azumi, da na walimar sauka, da na musabaƙa, da abin da jama'a ke rabawa a ɗaurin aure. Masu cewa ka bar wancan kamfani su yi alkawarin saye a wurinka idan ka canja kaya, masu hali a cikinsu kuma su haɗa maka rance marar ruwa ko adashi don ka sari sabon kayan. Sai dai ka kiyaye, ko sisi kada ya fito daga asusun masallaci zuwa shagonka, ko da kwamiti ne ya yi maka tayi, domin kai ne mai riƙe da makullin, kuma maganar da za ta biyo baya ta fi wannan ɗaci. Idan wani ya tsananta ya ce duk mai taɓa kayan waɗannan kamfanoni maci amana ne, za a iya tuna masa a hankali cewa Google da Amazon sun ƙulla kwangilar dala biliyan 1.2 da gwamnatin Isra'ila a 2021, kuma da manhajar ɗaya daga cikinsu wayar da ke hannun yawancinmu take aiki. Ba don a kunyata shi za a faɗa ba, sai don ya gane cewa kowa a sahun nan gwargwadon ikonsa yake yi.

Abokin cinikinka Kirista ya yi tambayar da ta cancanci amsa mai kyau, musamman a gari irin Kano da ya san abin da rikicin addini ke haifarwa. Ka faɗa masa cewa a Disambar 2009 malaman Kirista na Falasɗinu, ciki har da tsohon shugaban cocin Katolika na Ƙudus Michel Sabbah, sun fitar da wata sanarwa a Baitalami da ake kira Kairos, suna roƙon majami'un duniya su yi amfani da ƙauracewa da janye jari a matsayin gwagwarmaya ba da makami ba. Marigayi Desmond Tutu ya goyi bayan janye jarin, cocin Anglican ta kudancin Afirka ma ta goyi baya a 2019, kuma a Oktoban 2023 harin sama ya faɗa harabar cocin Saint Porphyrius da ke Gaza ya kashe mutanen da suka fake a ciki. Ka kuma gaya masa gaskiya cewa akwai masu adawa da yunƙurin, cewa majalisar dokokin Jamus ta kira shi ƙiyayya ga Yahudawa a 2019, jihohin Amurka fiye da 30 kuma sun yi dokokin daƙile shi, yayin da wasu Yahudawan, kamar ƙungiyar Jewish Voice for Peace, suke cikin masu goyon bayansa. Wannan zargi yana samun abin kamawa ne duk lokacin da wani daga cikinmu ya mai da maganar mamaya ta koma zagin wata ƙabila ko wani addini, alhali an gargaɗe mu a Suratul Ma'ida kada ƙin wasu mutane ya sa mu bar adalci.

Maganar yarinya kada ta kwana. Gobe da safe ka je wurin shugaban Islamiyyar da kanka, ka faɗa masa abin da aka ce mata ba tare da ka nemi a hukunta kowane yaro ba, domin yara abin da suka ji a gida suke maimaitawa. Ita kuma ka zaunar da ita tare da mahaifiyarta, ka nuna mata da harshen da za ta gane cewa babanta yana sayar da abin sha ne na halal, yana kuma shirin canja wanda aka tabbatar yana da matsala, sannan ka ba ta wani abu a hannunta ta saka a gudummawar Gaza ta hanyar da ka tabbatar tana isa.

Shi kuma dattijon, kada ka jira shi a sahu inda idon jama'a zai hana shi saukowa. Ka same shi a zaurensa da hantsi, ka gaishe shi a matsayinsa na babba, ka bar shi ya faɗi duk abin da ke ransa ba tare da ka katse shi ba, domin wataƙila hotunan yaran da yake gani a waya ne suka fi ƙarfin zuciyarsa ya rasa inda zai sauke. Idan ya gama, ka faɗa masa wa'adin da ka ɗiba da abin da ke kanka na bashi, ka roƙe shi ya zama shi ne dattijon da zai raka ka gidan liman.